Waiwaye: Mawaƙan rock a siyasar agaji, da matsalar kai kaya ga mabuƙata

Shigar mawaƙan rock cikin sha'anin agaji da siyasar duniya ta samo asali ne tun ranar 1 ga Agusta, 1971, lokacin da mawaƙi George Harrison da makaɗi Ravi Shankar suka shirya taron kiɗa a birnin New York domin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladesh. An tara kuɗi, amma kaso mai yawa na cinikin faifan ya maƙale shekara da shekaru a hannun hukumar harajin Amurka, saboda ba a yi wa taron rajista a matsayin aikin jinƙai tun da farko ba.

Lamarin ya ɗauki sabon salo a ranar 23 ga Oktoba, 1984, sa'ad da BBC ta nuna rahoton Michael Buerk daga garin Korem na arewacin Habasha, wanda Mohamed Amin ɗan ƙasar Kenya ya ɗauki hotunansa. Mutanen Birtaniya sun ga dubban jama'a zube a fili cikin sanyin asuba, sun lulluɓa da tsummoki, ana jera gawawwakin waɗanda suka cika da dare. Bob Geldof, mawaƙi ɗan ƙasar Ailan, yana cikin waɗanda suka kalla, kuma bayan wata guda shi da wani mawaƙi, Midge Ure, suka tara fitattun mawaƙa a ƙarƙashin sunan Band Aid suka yi waƙar neman taimako. Nan take siyasa ta shigo, domin gwamnatin Margaret Thatcher ta ƙi janye harajin da take karɓa a kan kowane faifai, sai da surutu ya yi yawa sannan ta amince ta ba da gudummawa daidai da abin da ta karɓa.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne cewa matsalar jigila tana cikin dalilan da suka haifar da taron Live Aid. Yunwar ta shafi Sudan ma, inda hatsi yake isa tashar jiragen ruwa ta Port Sudan, amma masu manyan motocin da za su kai shi cikin ƙasa sun haɗa baki sun tsawwala farashi, ga hanyar yammacin Sudan mai nisa da wahala, don haka buhuna suna jibge a bakin teku yayin da mutane ke mutuwa a Darfur. Geldof ya ga babu mafita sai Band Aid ta mallaki nata motocin, kuma hakan yana buƙatar kuɗin da ya fi ƙarfin cinikin faifai. A ranar 13 ga Yuli, 1985, aka yi taron a filin wasa na Wembley da ke Landan da kuma birnin Filadelfiya na Amurka a lokaci guda, aka watsa shi ta tauraron ɗan'adam, kuma abin da aka tara ya haura dala miliyan 100. Da kuɗin aka sayi manyan motoci, aka ɗauki hayar jiragen ruwa, har ƙungiyar mawaƙa ta koma tamkar kamfanin sufuri. Tallafin bai tsaya a Habasha da Sudan ba, ya kai Nijar da Chadi da Mali da Burkina Faso, waɗanda farin 1984 ya yi wa mummunar illa.

Sai dai yunwar Habasha ba ta rashin ruwan sama kaɗai ba ce. Gwamnatin soja ta Mengistu Haile Mariam tana yaƙi da 'yan tawaye a Tigray da Eritiriya, tana hana abinci shiga yankunansu, kuma ta kwashe mutane kusan 600,000 da ƙarfin tsiya daga arewa zuwa kudu, inda da yawa suka hallaka a hanya ko a sansanoni. Reshen Faransa na ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa ya fito fili ya soki wannan shiri, aka kore shi daga ƙasar a watan Disamba na 1985. A ganina nan ne babban raunin waƙoƙin agajin ya fito, domin sun gabatar da bala'in a matsayin ƙaddarar wata nahiya da ba ta da kogi ko damina, suka kau da kai daga hannun masu mulki da ke cikinsa. An daɗe ana gardama kan inda kuɗin ya shiga, ko da yake a 2010 BBC ta nemi afuwar Band Aid bayan wani rahotonta ya sa mutane sun ɗauka an karkatar da kuɗin ƙungiyar wajen sayen makamai.

Daga ƙarshen shekarun 1990 mawaƙan suka sauya dabara, suka koma matsa wa shugabanni lamba. Bono na ƙungiyar U2 ya shiga gangamin Jubilee 2000 na neman a yafe wa ƙasashe matalauta bashi, kuma a watan Mayu na 2002 ya zagaya Ghana da Afirka ta Kudu da Uganda da Habasha tare da sakataren baitulmalin Amurka, Paul O'Neill. Taron Live 8 na ranar 2 ga Yuli, 2005, ba na tara kuɗin agaji ba ne, an shirya shi ne domin matsa wa shugabannin G8, wato manyan ƙasashe takwas masu ƙarfin tattalin arziki, da za su haɗu a Gleneagles ta ƙasar Scotland. An yafe wa ƙasashe 18 bashin kimanin dala biliyan 40, ciki har da Nijar da Ghana, amma alƙawarin ninka tallafin Afirka kafin 2010 bai cika ba.

A daidai makon da ake wannan kiɗa, iyaye mata a jihar Maraɗi suna layi a cibiyoyin kula da tamowa da 'ya'yansu a goye. Fari da farin dango sun lalata amfanin gonar 2004, farashin tiyar gero ya fi ƙarfin talaka duk da cewa akwai hatsi a kasuwa, kuma kiran da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tun watan Mayu bai sami amsar kirki ba sai da hotunan yaran suka fita a talabijin cikin watan Yuli. Abin takaici ne a ce ana taro da sunan Afirka a manyan biranen duniya alhali wannan hali bai sami gurbi a dandalin ba.

Kamfanonin aika saƙo na ƙasa da ƙasa sun shigo fagen ta wata ƙofa dabam. DHL ya fara ne a 1969 da ɗaukar takardun kayan jirgin ruwa ta sama daga San Francisco zuwa Honolulu, domin a gama da kwastan kafin jirgi ya iso, shi kuwa FedEx ya soma aiki a 1973 daga Memphis da ƙananan jirage 14. Sana'arsu ita ce sanin inda kowane ƙunshi yake da lokacin da zai isa, abin da masu agajin 1985 suka rasa. A 2002 kamfanin TNT na Holan ya ƙulla ƙawance da Hukumar Abinci ta Duniya. Bayan girgizar ƙasar Bam a Iran a 2003, inda kayan agaji suka cunkushe filin jirgi har aka rasa wurin sauke wasu, DHL ya kafa tawagogin da ke tsara kaya a filayen jiragen sama, ya kuma shiga yarjejeniya da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2005. UPS ma yana cikin kamfanonin da ke ba da ma'aikata da rumbuna idan bala'i ya auku. Ba a raba ɗaya biyu suna samun suna da kasuwa ta wannan hanya, kuma sukan kama bakinsu kan siyasa domin suna buƙatar lasisin kowace gwamnati, amma aikin yana da amfani na zahiri.

Iyakar aikin nasu galibi filin jirgi ne ko rumbu, daga nan kuma hanya tana hannun mai bindiga. A yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, hukumomin sojan ƙasar sun hana shigar da agaji ta mashigar Adre da ke kan iyakar Chadi daga watan Fabrairu na 2024, ba su sake buɗe ta ba sai a watan Agusta, watan da masana suka tabbatar da cewa yunwa ta riga ta kama sansanin Zamzam da ke Darfur ta Arewa.