Ma'anar "sola mai fulogi", da dalilin da ya sa take mutuwa idan an ɗauke wuta

Tun da labarin solar baranda ta Jamus ya fara yawo a Facebook da TikTok, masu tallar kayan wuta suka samu sabuwar magana. Kowane akwati mai farantin sola a gefe ya zama "mai fulogi", kowa cewa yake jona kawai ka huta da NEPA. Har a shirye-shiryen rediyo ana jin wannan furuci, kuma a nan matsalar take, domin na'urar da ake kira da wannan suna a inda aka ƙirƙiro ta ba ta raba kowa da kamfanin wuta. Idan babu wutar layi, ko ƙwai ɗaya ba za ta kunna ba, komai zafin rana.

Ainihin abin kaya uku ne. Akwai farantin sola ɗaya ko biyu, kowanne mai wat 400 zuwa 450, tsawonsa wajen mita 1.7, faɗinsa mita 1.1, nauyinsa ya ɗan haura kilo 20. Akwai ƙaramar inbata da ake ɗaurewa a bayan farantin, wadda ke mayar da wutar DC ta faranti zuwa AC mai bolt 230 irin ta soket. Sai waya mai fulogi da ake cusawa a soket ɗin bango. Babu batir a ciki. Jamusawa suna ce mata Balkonkraftwerk, wato tashar wutar baranda, don 'yan haya a gidajen bene da ba su da rufin kansu sukan rataye farantin a ƙarfen baranda.

Doka ce ta buɗe mata hanya. A watan Mayun 2024 Jamus ta ɗaga iyakar wutar da inbatar za ta iya turawa daga wat 600 zuwa 800, ta yarda farantan su kai wat 2,000 gaba ɗaya, ta kuma soke zuwa neman rajista wurin kamfanin rarraba wuta. Mutum zai cike fam ɗaya ne a intanet a kundin hukumar kula da layukan wuta ta tarayya. A watan Oktoban shekarar aka gyara dokar haya yadda mai gida ba zai hana ɗan haya sakawa ba sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Zuwa tsakiyar 2025 waɗanda aka yi wa rajista sun wuce miliyan ɗaya. A Amurka jihar Utah ce ta fara bin sahu a 2025, da iyakar wat 1,200.

Aikin na'urar rage kuɗin wuta ne kawai. Wutar da ta samar tana shiga wayoyin gida, duk na'urar da ke kunne a lokacin ta sha daga ciki, abin da ya rage a cike daga layi. Idan firji da fanka da na'urar intanet suna jan wat 250 da tsakar rana, faranti kuma yana ba da 700, to wat 250 ne kaɗai ribar mai gida, sauran 450 su fice ta mita su tafi layi, galibi kyauta. Shi ya sa masu amfani da ita ke ɗage wanki da guga zuwa rana tsaka. A Jamus faranti biyu masu kallon kudu sukan ba da yunit 600 zuwa 800 a shekara, kuma da yake wuta na da tsada a can, cikin 'yan shekaru kuɗin ya dawo.

Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne halin ƙaramar inbatar nan. Ba ta iya kafa wuta da kanta. 'Yar amshi ce: tana sauraron wutar layi, ta ji bolt nawa take, ta ji tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, sannan ta daidaita tata a kai ta tura. Mai ba da waƙa ya yi shiru, ita ma ta yi shiru, cikin ƙasa da daƙiƙa guda. Wannan ba lalacewa ba ce, da gangan aka ƙera ta haka, kuma ni a ganina shi ne abu mafi daraja a jikinta. Dalili biyu ne. Na farko, idan aka zare fulogin daga bango da rana, ƙarafunansa uku suna waje tsirara. Da inbatar na ci gaba da aiki, yaron da ya taɓa su ya taɓa bolt 230. Na biyu, ma'aikacin da ya kashe tiransifoma ya hau falwaya yana da yaƙinin waya a mace take. Da gidaje goma na unguwar na tura wuta baya, da ransa ne a bakin haɗari.

Ba ɗauke wuta kaɗai ke kashe ta ba. Ka'idar Jamus ta ce inbatar ta yanke idan bugun wutar ya sauka ƙasa da 47.5 ko ya haura 51.5 a daƙiƙa, ko ƙarfinta ya faɗi ƙasa da bolt 184. Idan wutar ta dawo daidai, sai ta jira ta ga ta tsaya na minti ɗaya kafin ta sake shiga. Wanda ya san irin wutar da kan zo unguwanninmu da rana, wadda ƙwai ke yin ja, fanka na juyawa da ƙyar, ya san me wannan ke nufi: fitilar inbatar za ta yini tana ƙyafta ja, tana shiga tana fita, ko ta ƙi shiga sam. A Jamus matsakaicin lokacin da gida ke rasa wuta bai kai minti 15 ba a shekara guda. Don irin wannan layin aka ƙera na'urar, kuma wanda ya sayar da ita ga mai samun wutar awa shida, mafi yawanta cikin dare, ba tare da ya gaya masa wannan ba, ya cuce shi.

Daga nan ne wasu ke kawo dabarar da ta fi kowacce ɓarna: tun da wuta take son ji, a tayar da janareta ta ji. Za ta ji kuwa, idan bugun injin ya tsaya cikin iyaka, kuma za ta fara turawa. Amma layin kamfani yana haɗiye rarar wuta, ƙaramin janareta ba ya iyawa. A ce gida na jan wat 200, rana ta buɗe faranti ya kawo 700. Wat 500 ɗin nan ba su da wurin zuwa sai cikin injin. Bolt zai tashi, inbatar ta yanke, ta jira minti ɗaya, ta dawo, ta sake yankewa, kayan gida na shan wannan hawa da sauka, har na'urar daidaita wutar janaretan ta ƙone. Haka abin yake da babbar inbatar gida mai batir. Idan soket ɗin da aka jona yana kan layinta, wutar za ta koma ta bakin da aka yi don fita. Wata inbatar ta ƙone nan take, wata ta zuba wa batir caji babu mai tsayarwa. Akwai manyan inbatoci da aka ƙera musamman don karɓar irin wannan haɗi, suna ɗan ɗaga bugun wuta don su tilasta wa ƙaramar ta rage idan batir ya cika, amma sai takardar na'urar ta faɗi haka ƙarara. Duk gidan da ke da abin sauya layi tsakanin NEPA da janareta, to soket ɗin solar ya kasance a ɓangaren NEPA, kafin abin sauyawar.

Sai batun mita. Tsohuwar mita mai faifai tana juyawa baya idan wuta ta fita, kuma Jamus ta yarda da hakan na ɗan lokaci kafin a sauya wa gida mita. Wasu mitocin ba sa ƙirga abin da ya fita. Amma akwai mitocin kati da ba ruwansu da inda wuta ta dosa, duk abin da ya ratsa su cirewa suke daga yunit, wasu kuma su ɗauka an taɓa su. Mai irin wannan mita zai biya kuɗin wutar da shi ya samar. Kafin a saya, a nemi lambar samfurin mitar a tambayi kamfanin rarraba wuta, a kuma tambayi ko sun yarda da tura wuta baya.

Iyakar wat 800 ma ba hannu aka ɗaga aka yanka ba. Wat 800 a kan bolt 230 amfiya 3.5 ne. Bireka mai amfiya 16 tana ganin abin da ya fito daga allon rarraba wuta ne kawai, ba ta ganin wanda ya shigo ta soket a tsakiyar layi. Saboda haka waya na iya ɗaukar amfiya 19.5 bireka ba ta faɗi ba. Waya mai kyau takan jure wannan ɗan ƙari. Siririyar waya mai ƙarancin tagulla da aka binne a bango shekara ashirin ba za ta jure ba, zafi za ta yi a inda ido ba ya gani. Maganin shi ne a ja wa solar layinta daban daga allo, ko a sauke birekar layin zuwa amfiya 13. Ba a jona ta a wayar ƙari mai bakuna da yawa, ba a kuma saka biyu a layi ɗaya. Soket ɗin ya kasance yana da wayar ƙasa mai aiki, allon kuma da na'urar da ke yankewa idan wuta ta zurara, mai miliamfiya 30.

Wajen haɗawa, a fara kafa faranti da maƙalai na ƙarfe da kusoshi, ba igiya ko roba ba, domin iskar farkon damina na ɗaga faranti mai faɗin nan cikin sauƙi. A ɗaure inbatar a bayansa cikin inuwa, da ɗan tazara don iska, saboda idan ta yi zafi rage aiki take yi. Kowane faranti ya shiga bakinsa ta mahaɗin MC4, wato kan da ke ƙarshen wayar faranti, har a ji ya ƙulle. Kada a jera faranti biyu a baki ɗaya: kowanne na ba da wajen bolt 40 idan ba a jan sa, biyu sun zama 80, yawancin ƙananan inbatocin kuwa 60 ne iyakarsu. Fulogi shi ne na ƙarshe wajen sakawa, shi ne kuma na farko wajen cirewa. Hoton faranti a tsaye jikin baranda kuma na ƙasar da rana ke ratsawa ƙasa-ƙasa ne. A Kano ko Zinder rana bisa kai take, faranti kwanciya yake so da ɗan karkata na digiri 10 zuwa 15 wajen kudu, a riƙa wanke shi da sassafe lokacin hunturu.

A Najeriya wanda lissafin zai iya yi wa daɗi shi ne na rukunin Band A, da aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana aka kuma kai kuɗin yunit ɗinsa naira 225 a watan Afrilun 2024. Faranti biyu masu wat 440 a Arewa na iya ba da kusan yunit 4 a rana, in wuta na nan tsaye kuma akwai abin da ke shan ta da rana, kamar shago mai firji ko ofis.

Wanda kuwa burinsa fanka ta juya bayan an ɗauke wuta, wani abu daban yake nema, ko da mai talla ya kira shi da suna ɗaya: akwati mai batir da inbata a ciki, faranti ya yi masa caji, kayan gida a jona a jikinsa. Mai batirin awa-wat 1,000, wato yunit ɗaya, zai riƙe fanka mai wat 50, talabijin mai 60 da ƙwai uku masu wat 10 na kusan awa shida. Ana bambance su ta duba inda wuta ke fita. Idan ta fulogi take fita zuwa bango, solar baranda ce. Idan akwatin na da soket a jikinsa, na batir ne, kuma shi ba a taɓa haɗa bakinsa da soket ɗin bango da waya mai fulogi a kai biyu, domin ba shi da kariyar da ke yanke wuta idan layi ya mutu.