Cogen Wasa a Damben Boksin: Me Kalmar Ke Nufi?

Cogen wasa shi ne a gama shirya yadda dambe zai ƙare tun ba a kaɗa ƙararrawar turmin farko ba. Jama'a sun sayi tikiti, sun cika zaure suna ta ihu, alhali akwai mutum uku ko huɗu a kujerun gaba da suka riga suka san wanda zai sha ƙasa, har da turmin da zai faɗi. Wasu kan ce sayar da wasa, amma ba ɗaya ba ne. Sayarwa aikin ɗan damben ne da ya karɓi wani abu ya ba da kai. Coge ya fi faɗi, don ya haɗa da alƙalin da aka toshe wa baki, da mai shirya dambe da yake ɗebo wa yaronsa ragwaye domin a tara masa nasarori a takarda.

Ba a banza boksin ya fi sauran wasanni wannan suna ba. A ƙwallon ƙafa mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare, kuma sirrin da ya shiga bakin mutane da yawa ba ya kwana. A dambe mutum ɗaya ya isa. Sannan wa zai rantse cewa naushin da ya sami wani a haɓa bai kai ya kayar da shi ba? Tun 1965 ake gardama kan naushin da Muhammad Ali ya kayar da Sonny Liston da shi a turmin farko, kuma babu wanda ya kawo hujjar cewa da gangan Liston ya kwanta. Ga caca kuma: ana zuba kuɗi a kan wanda zai yi nasara, ana zubawa a kan turmin da wasan zai ƙare, shi ya sa ake ce wa ɗan dambe ya faɗi a na huɗu ko na biyar.

Cogen alƙalai ya fi ba ni haushi, don shi ɗan wasa bai san hawa ba bai san sauka ba. A gasar Olamfik ta 1988 a Seoul, Roy Jones na Amurka ya lallasa Park Si-hun na Koriya ta Kudu duniya na kallo, amma alƙalai uku cikin biyar suka ba Park. Abin dariya, Jones ɗin aka zaɓa gwarzon ɗan damben gasar.

Labarin da ya fi fito da ma'anar kalmar shi ne na Jake LaMotta. A shekarun 1940 yana cikin waɗanda ake tsoro a ajin matsakaita nauyi, ya ma taɓa doke shahararren ɗan dambe Sugar Ray Robinson a 1943. Amma shekara ta zo ta wuce ba a ba shi damar neman kambun duniya ba, domin harkar tana hannun 'yan Mafiya, wato gungun manyan masu aikata laifi, irin su Frankie Carbo da Blinky Palermo, shi kuwa ya ƙi shiga inuwarsu. Da ya gaji, sai ya miƙa wuya. A watan Nuwamba na 1947, a Madison Square Garden da ke New York, ya kara da Billy Fox, yaron Palermo. Ya jingina da igiya ya bari ana jibgarsa, hannuwansa kamar an ɗaure, har alƙali ya tsayar da wasan a turmi na huɗu. Cogen bai ko yi kyan gani ba, 'yan kallo suka yi ta ihun ƙarya ce, hukumar dambe ta dakatar da shi.

Ladansa ya zo a 1949. Sai da ya ƙara da dala 20,000 daga aljihunsa kafin a haɗa shi da Marcel Cerdan na Faransa a Detroit, ya karɓe kambun. Bai amsa laifinsa ba sai 1960, a gaban kwamitin majalisar dattawan Amurka. A 1961 aka yanke wa Carbo ɗaurin shekara 25, Palermo 15, kan wata shari'ar ta daban.

Wannan ne ya sa masu fim ba sa gajiya da cogen dambe. Idan don kuɗi kawai mutum ya faɗi, labarin kwaɗayi ne, minti goma ya ishe shi. Amma gwanin da ya san ya fi abokin karawarsa, aka ce masa ƙofar kambu ba za ta buɗu ba sai ya bari rago ya doke shi a bainar jama'a, wannan kam akwai abin kallo. Fim ɗin Raging Bull na 1980, wanda Martin Scorsese ya ba da umarni kuma Robert De Niro ya fito a matsayin LaMotta, ya nuna wannan dare. Bayan wasan an gan shi a ɗakin sauya kaya, ya kifa kai yana kuka kamar ƙaramin yaro, mutanensa na tsaye sun rasa abin da za su ce masa.