Waiwaye: yadda FIFA ta zama gidan da ba a tambayar maigida

Ranar Asabar ɗin nan a gidan kallon ƙwallo da ke Bauchi Road, ana jiran a dawo daga hutun rabin lokaci, wani ƙanena ya ce wai shi bai ga laifin FIFA, hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, ba tunda dai ana buga ƙwallo kuma ana ba ƙasashe kuɗi. Na ce masa kai yaro ne, lokacin da aka kama manyan FIFA a otal a Zurich kana firamare. Tun daga ranar abin yake cina a rai, shi ya sa na ce bari in zauna in jero yadda aka faro, don mu mutanen Jos ai har ƙofar gidanmu rigimar ta zo.

A 1904 aka kafa FIFA a Faris, kuma shekara saba'in tana hannun Turawa, ba su ɗauki Afirka a bakin komai ba, har ta kai ƙasashenmu suka ƙaurace wa gasar duniya ta 1966 saboda an hana mu gurbi ko ɗaya namu na kanmu. To a nan João Havelange ɗan Brazil ya ga ƙofa. Ya zagaya Afirka da Asiya yana alƙawarin ƙarin gurbi da tallafi, ya kayar da shugaban FIFA na lokacin, Stanley Rous ɗan Ingila, a 1974 da ƙuri'unmu. Kuma tsakani da Allah ya cika wasu alƙawuran, an faɗaɗa gasar daga ƙasa 16 zuwa 24 a 1982, sannan 32 a 1998 inda Afirka ta samu gurbi 5. Amma a zamaninsa ne kuɗin talabijin da na talla suka fara kwararowa kamar ruwan Agusta, aka miƙa cinikin ga wani kamfani ISL, da kamfanin ya karye a 2001 sai takardu suka fara fitowa, daga baya aka tabbatar Havelange da surukinsa Ricardo Teixeira sun sha karɓar na goro daga wajensu. Sai a 2013 tsohon ya ajiye muƙamin shugaban girmamawa, yana da shekara casa'in da wani abu, kuma bai taɓa tsayawa gaban alƙali a kan maganar ba.

Sepp Blatter sakatarensa ne tun 1981, shi ya gaje shi a 1998, ya kuma gaji dabarar. Ita dabarar ba wani ɓoyayyen abu ba ne fa. Kowace ƙasa ƙuri'a ɗaya take da ita, da Jamus da ƙaramin tsibirin da bai kai yawan mutanen Bukuru ba duk ɗaya ne a akwatin zaɓe, wannan kuma adalci ne ban ƙi ba. Matsalar ita ce wanda ake zaɓa shi ne kuma mai raba kuɗin raya ƙwallo ga masu zaɓen. Blatter ya fito da shirin Goal a 1999, a gina maka ofis, a shimfiɗa maka fili, kai kuma ranar zaɓe ka san abin yi, ai in baki ya ci dole ido ya ji kunya. Ko Issa Hayatou da yake shugaban CAF, hukumar ƙwallon Afirka, da ya tsaya takara da Blatter a 2002 ƙuri'a 56 ya samu shi kuma 139, ka ga kenan har 'yan uwansa na Afirka da dama ba su bi shi ba.

Inda abin ya fi yi min ciwo shi ne 2010. 'Yan jaridar Sunday Times suka ɓad da kama suka je wajen Amos Adamu, namu ɗan Najeriya da ke cikin kwamitin zartarwa na FIFA mai zaɓen ƙasar da za ta karɓi gasar duniya, aka naɗe shi a bidiyo yana maganar dala 800,000 ta gina filaye huɗu a gida amma a biya ta hannunsa. Aka dakatar da shi shekara 3, ya ɗaukaka ƙara bai yi nasara ba. Na tuna yadda muka ji kunya a lokacin, ko'ina ka kunna rediyo sunan Najeriya ake kira. Da aka cire shi da wani ɗan Tahiti sai mutum 22 suka rage, su suka zauna ran 2 ga Disamba suka ba Rasha gasar 2018, Qatar kuma 2022. Qatar dai har yau ta musanta cewa ta sayi ƙuri'a, binciken Michael Garcia, lauyan Amurka da FIFA ta sa ya duba maganar, ma bai kai ga ƙwace gasar ba, amma shi kansa Garcia murabus ya yi a 2014 saboda yadda aka taƙaita rahotonsa, ba a saki cikakkensa ba sai 2017. Kuma da yawa daga cikin mutum 22 ɗin nan daga baya an dakatar da su ko an tuhume su. A 2011 ma an raba ambulan ɗauke da dala 40,000 kowacce ga jami'an yankin Karibiyan a wani taro a Trinidad, shi ya ci Mohamed bin Hammam ɗan Qatar mai neman kujerar Blatter, ya kuma sa Jack Warner mataimakin shugaban FIFA ya sauka.

Duk wannan fa FIFA ce ke binciken kanta. Wanda ya fasa ƙwan daga waje ya zo. Da asubar 27 ga Mayu 2015 'yan sandan Suwizalan suka shiga otal ɗin Baur au Lac a Zurich suka kwashe jami'ai 7 bisa buƙatar Amurka, don kuɗin sun bi ta bankunanta, kuma Chuck Blazer, tsohon ɗan kwamitin zartarwa na FIFA, ya daɗe yana kai rahoto a ɓoye. Ana maganar cin hanci na sama da dala miliyan 150. Bayan kwana biyu kacal aka sake zaɓen Blatter da ƙuri'a 133, CAF na gaba-gaba wajen mara masa baya, wallahi wannan har yanzu ban gane mana ba. Ran 2 ga Yuni ya ce zai sauka. Aka dakatar da shi da Michel Platini, shugaban hukumar ƙwallon Turai na lokacin, a kan wasu kuɗi faran miliyan 2 na Suwizalan, ko da yake dole in faɗa, kotu ta wanke su a 2022, ta sake wanke su a 2025.

Yanzu ga inda ya shafe mu. FIFA na da doka cewa gwamnati ko kotun ƙasa ba za ta sa baki a harkar hukumar ƙwallo ba. A 2014 wata kotu a nan Jos ta dakatar da shugabancin Aminu Maigari a hukumar ƙwallon Najeriya, nan take FIFA ta dakatar da Najeriya sai da aka janye. Rigimar Chris Giwa mai Giwa FC da Amaju Pinnick kan shugabancin hukumar ta ja har 2018, lokacin Solomon Dalung na minista, FIFA ta ba da wa'adi zuwa 20 ga Agusta, gwamnati ta bi. Ni ba ina cewa wane ne mai gaskiya a cikinsu ba, kuma na san in ba dokar nan kowane minista zai naɗa yaronsa ne. Amma ka duba, kotu ba ta da iko, majalisa in ta matsa a ce katsalandan, mu 'yan kallo ba mu da ƙuri'a, to wa zai tambayi ina kuɗi suka shiga? Shi ya sa kullum sai ɗan jarida da ɓoyayyiyar kyamara ke tona asiri, kamar yadda Anas na Ghana ya yi a 2018 har Kwesi Nyantakyi, shugaban hukumar ƙwallon ƙasar, ya rasa kujerarsa. Su kuma yaran da ke gudu a fili ana bin su bashin alawus, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Gianni Infantino ya hau a Fabrairun 2016 da alƙawarin gyara, an sa wa shugabanci iyakar shekara 12, an ɗauko Fatma Samoura 'yar Senegal sakatariya, an fara aiki da tsarin da aka amince da shi tun zamanin Blatter na mayar da zaɓen mai masaukin baƙi hannun dukkan ƙasashe 211, kuma a gaskiya an ƙara bin diddigin kuɗi fiye da da. Sai dai a 2017 aka sauya shugabannin kwamitin ɗa'a guda biyu, waɗanda su ne suka hukunta Blatter. Ahmad Ahmad da ya kayar da Hayatou a CAF da sunan canji shi ma an dakatar da shi a 2020. Kuɗin da aka ware wa kowace ƙasa ya kai wajen dala miliyan 8 a shekara huɗu daga 2023 zuwa 2026, Infantino kuma ya zarce a 2019 da 2023 babu wanda ya fito takara da shi. A Disambar 2024 da za a ba Saudiyya gasar 2034, ita kaɗai ce ta nema, taron ma ta intanet aka yi, aka ce wakilai su tafa in sun amince, suka tafa, har da namu.