Wa ke ƙirga abin da ragar kalli ta kama ba da niyya ba?

A jihar Karolina ta Arewa da ke gabashin Amurka, duk masuncin da zai kafa ragar kalli a mahaɗar kogi da teku sai ya karɓi izini na musamman, kuma cikin sharuɗɗan izinin akwai cewa ranar da ma'aikacin sa-ido ya nemi binsa ruwa, ba zai ce a'a ba. Ga yadda aikin yake tafiya da kuma inda yake cijewa.

Wane irin ruwa ake magana, kuma me ake kamawa a cikinsa?

Tsakanin gaɓar jihar da jerin tsibiran yashi da ake kira Outer Banks akwai manyan tafkuna marasa zurfi, irin su Pamlico da Albemarle da Core. Koguna kamar Neuse da Roanoke suna zuba ruwan daɗi a cikinsu, teku kuma tana turo nata mai gishiri ta ƙananan kafofi. A irin wannan gauraye ne ƙananan kifaye ke girma. Masunta suna bin wani faffaɗan kifi mai kwanciya a ƙasan ruwa, falanda, da raga mai manyan idanu, sauran ƙananan kifaye kuma da mai ƙananan idanu.

Me ya sa wannan raga ke kwaso abin da ba shi aka fito nema ba?

Kalli katanga ce ta siririn zaren nailan da ake tsayarwa a cikin ruwa, dalma a ƙasa tana janta, a barta ta yi sa'o'i. Kifi ya kutsa kai cikin ido, ya nemi ja da baya, zare ya riƙe shi ta bayan kai. Girman ido yana tace girman kifi, amma ba ruwansa da jinsi. Kunkurun teku da ya zo kiwon ciyawar ruwa sai ya sarƙe ƙafarsa ta gaba, yana fafutuka zaren yana ƙara naɗe shi. Shi kuwa iska yake shaƙa, dole ya riƙa leƙowa sama, don haka idan ragar ta danne shi ya daɗe, nutsewa zai yi. Masuntan Neja da Binuwai sun san irin wannan da ayu, wanda shi ma numfashinsa a sama yake.

Bayan kunkuru, na biyun da ragar ke kamawa ba da niyya ba shi ne kifin sitajin na Atilantika. Yana iya kai mita 4, ya rayu shekara 60, amma yana jimawa ƙwarai kafin ya fara ƙwai. An yi masa kamun wawaso a ƙarshen ƙarni na 19 saboda tsadar ƙwansa, aka hana kamunsa a duk gaɓar gabas a 1998, sannan a 2012 aka sa shi cikin jerin halittun da doka ke karewa. Dabbar da haihuwarta ke da nawa haka, mutuwar manya kaɗan a shekara ma giɓi ce.

Yaushe aka fara sa ido?

A kakar 1999 gawarwakin kunkuru suka yi ta fitowa gaɓar Pamlico, har hukumar kifi ta tarayya ta rufe wani sashe ga raga mai manyan idanu. Daga shekarar 2000 aka ware yankin da dokokinsa. A 2010 cibiyar Karen Beasley mai jinyar kunkurun teku ta kai hukumar kifin jihar ƙara, aka sasanta a kan tsaurara dokoki a duk tafkunan. A ƙarƙashin dokar kare halittu masu fuskantar ƙarewa ta 1973, ko kama kunkuru bisa kuskure laifi ne sai da izini. Jihar ta samu izinin kunkuru a 2013, na sitajin a 2014. Izinin ya ƙayyade yawan da za a iya kamawa, ya kuma wajabta a duba aƙalla kashi 7 cikin ɗari na fitar masu manyan idanu da kashi 1 cikin ɗari na masu ƙanana.

Me ɗan sa-ido yake yi a kan ruwa?

Ko dai ya shiga jirgin masuncin tun da asuba, ko ya zo a jirgin hukuma ya tsaya kusa yana kallon yadda ake jan raga. Yana rubuta wuri, tsawon raga, girman ido, da sa'o'in da ta kwana a ruwa. Idan kunkuru ya fito, sai a warware shi, a auna ƙoƙon bayansa, a ɗauki hoto, a tantance jinsinsa, a bi jikinsa da na'ura ko an taɓa sa masa alamar lantarki, wadda ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba. Abu mafi nauyi a takardar shi ne layin da ke cewa da rai ya fito ko a mace. Mai kuzari a mayar da shi ruwa, wanda ya galabaita a kai shi jinya.

To ta yaya kashi 7 cikin ɗari zai faɗi abin da ya faru a sauran 93?

Nan ne gizo ke saƙa. Tun 1994 dillalan kifi a jihar suna cike takarda kan kowace fita da aka sayar musu da kamunta, don haka an san jimillar fita. Sai a ɗauki abin da aka gani da ido a faɗaɗa shi. A matsayin misali kawai: an yi fita 2,000 a wani yanki, an duba 140, an ga kunkuru 7. Wato ɗaya a kowace fita 20, ƙiyasi ya zama 100. Da ɗan sa-ido ya ci karo da ƙarin uku a safiya guda, ƙiyasin ya haura 140. Ainihin lissafin hukuma ya fi wannan sarƙaƙiya, yana la'akari da yanayi da yanki, amma rauninsa ɗaya ne: abin da ake ƙirgawa ba kullum yake faruwa ba, kuma kowane kunkuru ɗaya da aka gani yana tsayawa a madadin goma sha wani abu da ba a gani ba. Idan ƙiyasi ya kusanci iyakar izini, sai a ba da sanarwar rufe yankin.

A ganina wannan ne tushen rigimar. Masunci ya san cewa kunkurun da aka rubuta a jirginsa zai iya rufe ruwa ga shi da maƙwabtansa duka a tsakiyar kaka. An ɗora masa taimakon ƙidayar da ke iya hana shi abinci.

Suna ba da haɗin kai kuwa?

Wasu suna bayarwa. Wasu kuma waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka, ko a ce yau ba za a fita ba. Akwai kuma abin da masu bincike suka daɗe da lura da shi a kamun kifi a ƙasashe da dama: ranar da baƙo ke jirgi, mutum yakan kauce wa wurin da ya san kunkuru na taruwa, ko ya rage raga. Ba sai an yi ƙarya ba, ƙiyasi ya riga ya karkace. Masuntan su ma suna da tasu hujjar: jirgin ƙarami ne, wurin kamu sirrin sana'a ne, kuma kariyar da aka yi wa kunkuru ta sa wasu jinsunan sun ƙaru, don haka karo da su ya yawaita ko da mutum ya kiyaye.

Kyamara ba za ta raba gardama ba?

An gwada ta a jiragen kalli a Denmark don ƙirga dabbobin teku da ke faɗawa raga, ta kuma gano wasu da suka suɓuce daga ragar kafin masunta su gan su. Amma wani ne zai zauna ya kalli sa'o'in bidiyo, kyamara ba ta auna ƙoƙo ko karanta alama, kuma ba kowa ke son ido a kansa kullum ba.

Ban da ƙidaya, me ke rage mutuwar?

Gajarta zaman raga a ruwa. Bayan sasancin 2010 aka koma kafa mai manyan idanu da dare kawai a yawancin yankuna, a sa ta gab da faɗuwar rana a janye tun hantsi bai yi ba, aka kuma rage tsayinta da tsawonta. A gaɓar Sechura ta Peru, ɗaura ƙananan fitilu korra a jikin raga ya rage kamun kunkuru da kusan kashi 64 cikin ɗari ba tare da kifin da ake nema ya ragu sosai ba.

Me zai hana a haramta ragar gaba ɗaya?

Fulorida ta yi haka: masu zaɓe suka amince a 1994, dokar ta fara aiki a 1995. Sai dai hani a takarda ba ya cire raga daga ruwa. A arewacin tekun Kalifoniya ta Meziko, kusa da bakin kogin Kolorado, an hana kalli tun 2015 domin ceton bakita, wata ƙaramar dabbar teku mai shayarwa da ba a samunta ko'ina sai can. Masu farautar kifin totoba a ɓoye, wanda ake sayar da jakar iskar cikinsa da tsada a ƙasar Sin, suka ci gaba da kafa raga inda babu mai rubutawa. Bakita da aka ƙiyasta sun kusa 570 a 1997, a 'yan shekarun nan kimanin 10 ake gani.