Dokokin Talla da Lasisin Masu Sana'ar Gefen Titi

Dokokin talla su ne ƙa'idojin da hukumomin birane da ƙananan hukumomi ke gindaya wa masu sayar da kaya a kan titi, tun daga mai yawo da kaya a ka, da mai tura baro ko amalanke, da ɗan tireda mai tebur a gefen hanya, har zuwa mai sayar da abinci daga cikin mota. Su ke fayyace wanda ya halatta ya yi sana'ar, da inda zai tsaya, da lokacin, da irin hajar da zai kasa. A yawancin ƙasashe majalisar ƙasa ko ta jiha ce ke ba da ikon, hukumar gari kuma ta tsara yadda za a yi aiki da shi. Shi ya sa abin da ya halatta a wannan gari kan zama laifi a garin da ke maƙwabtaka da shi.

Tarihi

A biranen Musulunci na da, muhtasibi, wato jami'in kula da kasuwa, shi ne ke duba mudu da sikeli da tsabtar abinci. Littattafan hisba da aka rubuta a Andalus da Sham da Masar, wajen ƙarni na 12 zuwa na 14, sun kuma ɗora masa hana 'yan kasuwa cinye hanya da kayansu har ta gagari masu wucewa.

Lasisin da ake biya ana sabuntawa ya fito sarari a Ingila a ƙarshen ƙarni na 17, lokacin da majalisa ta wajabta wa 'yan koli yankar takarda. Gwamnati na neman kuɗin shiga, masu kantuna kuma sun daɗe suna kukan cewa masu yawo da kaya na ɗauke musu ciniki alhali ba sa biyan haya. Waɗannan dalilai biyu ba su gushe ba suna bin dokokin talla a ko'ina har yau. A 1871 aka yi dokar da ta miƙa wa 'yan sanda ikon ba ɗan koli takardar shaida ta shekara guda, muddin ya kai shekara 17 kuma an shaide shi da halin kirki, sannan gyaran 1881 ya sa takardar ta yi aiki a duk faɗin Birtaniya. Dokar na nan da ranta. Sharaɗinta shi ne mutum ya riƙa tafiya da ƙafa yana bin masu saye, don haka kotuna suka sha sauraren gardama kan tsawon lokacin da zai iya tsayawa wuri guda kafin ya tashi daga ɗan koli ya zama mai kafa rumfa. Masu kafa rumfa a Ingila da Wales dokar 1982 ce ta fi shafarsu, wadda ta ba ƙananan hukumomi damar raba tituna gida uku: wanda aka hana ciniki a kansa, wanda sai da lasisi, da wanda sai da yardar hukuma.

A birnin Niyok na Amurka, amalanken talla sun cika unguwannin baƙin da suka yi ƙaura daga wasu ƙasashe a farkon ƙarni na 20. Magajin gari Fiorello La Guardia, wanda ya yi mulki daga 1934 zuwa 1945, ya ɗauke su a matsayin abin da ke ɓata birni, ya gina rufaffun kasuwanni irin ta titin Essex da aka buɗe a 1940, ya kwashe masu amalanke zuwa ciki. Singafo ta bi wannan hanya da tsari mafi zurfi. Ta yi wa masu talla rajista a 1968 da 1969, sannan daga 1971 zuwa 1986 ta gina musu cibiyoyi masu ruwan famfo da magudana da wurin zama, har sayar da abinci a kan titi ya ƙare. A 2020 UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya al'adar waɗannan cibiyoyi cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam.

Abin da izini ke ƙunsa

Wasu birane sukan raba takarda biyu, ɗaya ta mutum, ɗaya ta amalanke ko motar da yake aiki da ita. Mai sayar da abinci akan buƙaci ya yi horon tsabta, masu duba-gari su duba ruwansa da wurin wanke hannu da yadda yake adana abin da ke saurin lalacewa. Akwai kuma ƙa'idar tazara daga ƙofar gini, da mahaɗar hanya, da tashar mota, da ƙa'idar faɗin da za a bar wa masu tafiya da ƙafa. Wata tazarar ba ta da alaƙa da lafiya ko cunkoso, kare cinikin masu shaguna kawai take yi. Birnin Shikago na Amurka ya hana motocin abinci tsayawa ƙasa da ƙafa 200 daga ƙofar gidan cin abinci, kuma Kotun Ƙolin jihar Illinois ta tabbatar da hakan a 2019.

Ƙayyade adadi

Nan ne dokokin suka fi cutar da talaka. Niyok ta tsayar da lasisin masu sayar da kayan da ba abinci ba a kan 853 a 1979, ban da tsofaffin sojoji da dokar jiha ta keɓe, ta kuma tsayar da izinin amalanken abinci a kan kimanin 3,000 a 1983. Masu neman sana'ar ba su ragu ba. Layin jira ya yi tsawo har aka rufe shi, waɗanda suka riga suka samu takarda kuma suka koma ba da hayarta a bayan fage a kan ninkin-ba-ninkin kuɗin hukuma, ya zamana mai tsayuwa cikin rana da sanyi yana yi wa wanda ke zaune a gida aiki. Sai a 2021 majalisar birnin ta amince da ƙara sababbin izini 445 a kowace shekara har shekara goma, da sharaɗin mai lasisin ya kasance a wurin da kansa.

Indiya

Indiya ce ta fi yin nisa wajen mai da talla haƙƙi. A 1989 Kotun Ƙolinta ta yanke hukunci, a ƙarar Sodan Singh, cewa ciniki a gefen titi na cikin 'yancin yin sana'a da tsarin mulki ya tanada, ko da yake hukuma na da ikon tsara shi. Dokar 2014 ta wajabta wa kowane gari kafa kwamitin talla wanda aƙalla kashi 40 cikin 100 na wakilansa masu talla ne, kashi ɗaya bisa uku na waɗannan kuma mata. Kwamitin ne zai ƙirga masu sana'ar aƙalla sau ɗaya a shekara biyar ya ba su takardar shaida, kuma ba a tashin kowa kafin a kammala ƙirga. Dokar ta ce a samar wa masu talla wuri har zuwa kashi 2.5 cikin 100 na jama'ar gari ko unguwa, mai takarda kuma sai an ba shi sanarwar kwana 30 kafin a matsar da shi. Aiwatar da ita ya bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma a wurare da dama an yi jinkirin kafa kwamitocin.

Tilastawa

Hukuncin da aka fi sani shi ne tara da ƙwace kaya. Ƙwacen ya fi zafi, domin jarin mai talla gaba ɗaya yakan kasance a kan amalankensa, kuma inda doka ta yi duhu nan cin hanci ke samun gindin zama. A 2013 hukumar birnin Johannesburg ta kori dubban masu talla daga tsakiyar gari, har da masu takarda, sai Kotun Tsarin Mulkin Afirka ta Kudu ta ba da umarnin a bar su su koma a watan Disamba na shekarar. A Tunisiya, wani mai talla, Mohamed Bouazizi, ya cinna wa kansa wuta a garin Sidi Bouzid ranar 17 ga Disamba 2010 bayan jami'an gari sun ƙwace kayansa, abin da ya haifar da boren da ya kawar da gwamnatin Ben Ali. An yi saɓani kan ko dokar garin ta buƙaci ya mallaki izini.

Jihar Kalifoniya ta cire tallan gefen titi daga jerin laifukan da ake gurfanarwa a kansu da dokar 2018, ta bar tarar hukuma kawai.