Inda Murya Ke Nauyi a Harɗaɗɗun Kalmomin Turanci

Harɗaɗɗiyar kalma ita ce kalmomi biyu da suka haɗu suka ba da ma'ana guda, kamar blackboard, wato allo. Wajen raba gaɓoɓinta, a fara yanka a mahaɗa: foot-ball, tooth-brush. In wani ɓangare yana da gaɓa fiye da ɗaya, sai a sake raba shi, kamar bas-ket-ball. Amfanin haka yana fitowa ne inda baƙaƙe biyu suka yi karo a mahaɗar. Mai karatu zai ga ph a uphill ya furta f, ko ya ga sh a grasshopper ya haɗe su, alhali up-hill ne da grass-hop-per, kowane baƙi da gidansa.

Sai nauyin murya, wato gaɓar da ake ɗagawa, a ja ta, a ƙarfafa. In harɗaɗɗiyar suna ce, galibi nauyin yana kan ɓangaren farko, kuma da shi ake bambanta ta da sifa da suna na yau da kullum. A misalan nan, manyan haruffa ne ke nuna inda nauyin yake. GREENhouse ɗakin gilashi ne na rainon tsirrai, green HOUSE kuwa gida ne mai koren fenti. WHITE House fadar shugaban Amurka ce, white HOUSE kowane farin gida. ENGLISH teacher mai koyar da Turanci ne ko da Bakano ne, amma English TEACHER malami ne ɗan Ingila. Haka aikatau da sunan da aka samo daga gare shi: mota ta yi break DOWN, lalacewar kanta BREAKdown.

Dokar tana da togaciya. Harɗaɗɗiyar sifa takan ɗauki nauyin a baya, well-KNOWN, amma in suna ya biyo ta sai nauyin ya dawo gaba, WELL-known man. Sunayen tituna ma da nasu hali: OXFORD Street, amma Oxford ROAD. Irin waɗannan sai haddar kunne.

Bahaushe ya saba da karin sauti, wato hawa da saukar murya a kan gaɓoɓi, kuma kowace gaɓa yana ba ta haƙƙinta, shi ya sa yakan furta ɓangarorin biyu da ƙarfi ɗaya. Turanci kuwa wani lokaci har raunana wasalin ɓangare na biyu yake yi. A postman da breakfast da kyar ake jin wasalin ƙarshe, a cupboard kuma ba a furta p ɗin sam.