Sauyin Yanayin Rai da Abubuwan da Ke Haddasa Shi

Sauyin yanayin rai shi ne mutum ya riƙa tsallakawa daga walwala zuwa ƙunci, ko daga natsuwa zuwa fushi, sau da yawa ba tare da wani dalili a fili ba. Kowa yakan ji haka jefi-jefi. Abin da likitoci ke dubawa shi ne tsawon lokacin da yake ɗauka, da yadda yake hana mutum barci, aiki ko zaman lafiya da mutane. Abin takaici, da yawa daga masu fama da shi ana yi musu kallon masu mugun hali, alhali tushen matsalar a jiki yake.

Sinadaran hormon, waɗanda jiki ke samarwa don daidaita ayyukansa, na cikin manyan dalilai. A jikin mace, hormon ɗin estirojin da furojestaron sukan sauka gab da zuwan jinin al'ada, kuma suna faɗuwa warwas bayan haihuwa. Shi ya sa kwana 2 zuwa 3 da haihuwa, mai jego kan fashe da kuka tana cikin shayar da jariri, ita kanta ba ta san dalili ba. Wannan yakan wuce cikin mako 2. Idan ya zarce haka, ana zargin ciwon damuwa na bayan haihuwa, wanda ke buƙatar magani. Lokacin balaga da lokacin ɗaukewar al'ada, galibi tsakanin shekara 45 da 55, su ma suna zuwa da irin wannan.

Akwai kuma ƙwayar tayirod da ke wuya, wadda kumburinta ke zama maƙoƙo. In aikinta ya yi yawa, sai bugun zuciya, zufa, rama da saurin hasala. In ya yi ƙasa, sai kasala da ƙunci. Gwajin jini yana gano ta.

Rashin barci, yawan tunani, faɗuwar sukarin jini, giya, miyagun ƙwayoyi da magunguna irin su prednisolone duk suna juya yanayin mutum. Haka ma rauni a kai da shanyewar ɓarin jiki.

Cutar baifola ta fi waɗannan nauyi. Mai ita yakan shafe mako guda ko fiye cikin zumuɗi: barcin awa biyu ya ishe shi, magana ba tsayawa, kashe kuɗi ba lissafi. Daga baya ya faɗa baƙin cikin da ke kai mako 2 ko watanni, ko tashi daga gado ya gagare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita sun kai miliyan 40 a 2019, kuma cutar tana bin jini a wasu iyalai. A 1949 likita John Cade na Ostareliya ya nuna amfanin maganin litiyam wajen kwantar da zumuɗin, kuma har yau ana amfani da shi. Wajibi ne mara lafiya ko danginsa su gaya wa likita idan an taɓa ganin lokacin zumuɗi, domin maganin damuwa shi kaɗai yana iya tayar da zumuɗin.